Babi na Huɗu, Daren Lahadi

An ɗauke wuta tun la'asar a Gyallesu.
Na ɗora kwamfuta a kan buhun masara,
batirinta saura kwata,
shayina ya huce, ƙuda ya riga ni kurɓa.
Ga jagoran koyarwa a buɗe,
tsaf, kamar rigar da ba ta taɓa zuwa gona ba.

Ya ce: ɗalibai sun riga sun karanta babi na huɗu.
Sun riga! Haka ya rubuta, ko gezau.
Raba su biyar-biyar, ba su minti goma,
kowane rukuni ya kawo tambaya ɗaya.
Wanda ya tsara wannan, Allah ya saka masa,
amma bai taɓa shiga ɗakin lacca na uku ba,
inda mutum ɗari da tamanin ke rabon iska ɗaya,
benci a kafe da ƙusa, fanka ta mutu tun bara.

Littafin nan ba ya ƙamshin takarda.
Gara ba ta cin sa, shi ke cin data.
Ga shi da tsegumi:
yana faɗa mini wa ya buɗe shi, da yaushe.

Rifkatu Bawa, biyu da arba'in na daren jiya,
sa'ar da data ke araha, shafi goma sha ɗaya.
Tanimu, minti huɗu, sai shiru.
Na san shirun nan. Wayar ta yayansa ce,
mai jan keke tsakanin Kwangila da Samaru.
Sa'adatu Lawandi ta buɗe shafi guda har sau tara;
ko wata kalma ce ta tsaya mata kamar ƙayar kifi,
ko sabis ne ke wasan ɓuya, oho.
Sittin da uku ko leƙawa ba su yi ba.
Harshena na ƙaiƙayin ce musu malalata,
na danne shi da sauran shayi.

Babin na zaizayar ƙasa ne.
Hoton ciki wani tudu ne kore shar
da farin shinge, a ƙasar da ban taɓa takawa ba.
Jagora ya ce: tambaye su me suka gani.
Na juya tsohuwar takardar jarrabawa, na rubuta:
Wa ya san kwazazzabon gefen Kubanni?
Wa ya ga Galma na gutsurar gona a tsakiyar damina?
Tanimu ya sani. Ubansa na albasa a can,
da taku yake auna asararsa, ba da mita ba.
Minti huɗu yaron ya karanta,
shekara ashirin yana kallo.
Gobe shi zai fara magana.

Ban yar da jagora ba.
Tambayarsa ta uku ta fi tawa, na ɗauka ba kunya.
Biyar-biyar ɗin kuwa na bar masa abinsa.
Mai waya ya waiga ga na bayansa,
a karanta sakin layi biyu da murya,
minti gomansa ya zama ashirin da biyar.
Rigar aro ce, sai na ɗage wuya, na naɗe hannu.

Saura kashi bakwai. Allon ya dushe.
Ladingo ta leƙo: malam, tuwo ya zama dutse.
Na ce ina zuwa.
Zan rufe ke nan, wani suna ya yi kore:
Gambo Ishaya, cikin sittin da ukun nan.
Shafi na ɗaya. Shafi na biyu.
Can a Tudun Jukun ƙila an kawo wuta,
ko mai caji ya yi masa lamuni.
Na zauna ina kallon yaro yana juya shafi
har kwamfutar ta mutu a cinyata.

Sittin da biyu.
Na laluɓi biro, na gyara a duhu.